Farin Tohon Taibe

Taibe ta rasu a watan Agusta, sanyi na kan ganiyarsa, domin a can kudancin duniya lokacin ne hunturu, ta bar wa mijinta Naum Bublik shanu biyu da tsohon kare da wani akwatin kwali a saman kabad. Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare bai taɓa buɗe akwatin nan ba, ko da yake ya san abin da ke ciki, kamar yadda kowa a La Lomita, ƙauyensu na Yahudawa manoma, ya sani. Idinsu na Shabuwot yakan zo ne bayan sanyi ya ƙone duk wani fure na lambu, ga shi kuwa idin ba ya cika sai da fure a kan tebur. Saboda haka tun tana amarya Taibe ce ke yin na takarda, ta cusa su a gwangwanaye masu yashi, ta jera a teburan zauren da ke jikin majami'a. A da tebur talatin ne. Yanzu da matasa suka watse zuwa Rosario da Buenos Aires, tara suka rage.

Naum mutumin shanu ne, yatsunsa kamar turaku. Abin da ya sani game da furen nan shi ne, duk shekara sai ya yi mako uku yana cin abinci a gefen tebur, yana tsince guntun takarda daga cikin miyarsa yana mita.

Saura mako uku idi, Donya Feige Milman ta zo karɓar akwatin. Ita ce shugabar matan majami'a, ƙawar Taibe tun suna 'yan mata, gajeriya, mai baki kamar reza. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa matan sun raba aikin a tsakaninsu, kuma ta san abin da za su yi zai fi kama da kabeji, amma kabejin ma ya fi babu. Naum ya ce ta dawo gobe, sai ya nemo tsani. Ƙarya yake yi, da hannu ma zai iya sauko da shi. Ta dube shi sama da ƙasa ta tafi.

Bayan abincin rana ya sauko da akwatin, ya ajiye a teburin kicin, don kawai ya kakkaɓe shi. Ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganye na ƙasarsu, ya zuƙa sau ɗaya. A ciki akwai takardu masu yamutsi, ja da ruwan hoda da ruwan ɗorawa da fari, da ƙunshin siririyar waya, da zare, da almakashinta. Taibe bahaguwa ce, wani ɗan uwanta ne ya aiko mata da almakashin hagu daga birni. Naum ya ɗauka yana jujjuyawa.

Kukan shanu ne ya dawo da shi. Hasken taga ya riga ya bar tebur ya hau bango, ruwan buta ya huce sarai, lokacin tatsa har ya ɗan gota. A gabansa ga furannin wardi na takarda shida jajaye an jera su reras. Almakashin na hannunsa na hagu, zoben ƙarfen ya nutse a babban yatsansa har ya yi sawu.

Ya daɗe a zaune. Ya leƙa ɗaki, ya leƙa bayan ƙofa, yana jin kunyar kansa. Sannan ya fita ya tatsi shanu, yana ta duban hannun nan yana aikin da ya saba kamar bai san komai ba.

Washegari da Donya Feige ta dawo, bai ɓoye furannin ba. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da tabarau. Ta juya shi, ta duba ƙasansa inda aka naɗe waya. Naɗin ta hagu ya tafi, kuma a ƙarshe an lanƙwashe bakin wayar ciki don kada ya soki yatsa.

"Ragowar na bara ne?"

"Jiya aka yi su."

"Wa ya yi?"

Ya ɗaga mata hannun, sawun almakashi na nan. Ya jira ta yi masa ba'a. Ta ajiye furen a hankali, ta goge yatsunta a jikin siket, ta ce to ai shi ke nan, an hutar da jama'a daga kabeji. Ta tafi ba ta ɗauki akwatin ba, ba ta kuma karɓi maten da ya miƙa mata ba, abin da bai taɓa ganin ta yi ba.

Haka aka ci gaba. Kullum bayan abincin rana zai zauna, ya ɗauki almakashi, sai kuma kukan shanu. Abin da ke tsakani ba ya riƙe shi, sai dai ƙarar ƙarfe yana cin takarda, ƙyas, ƙyas, kamar daga wani ɗaki. Wata rana ya farfaɗo ya tarar da tukunyar gam a kan murhu, an dama fulawa daidai, ba gudaji, alhali shi ko kunu bai iya damawa ba. Wata rana kuma ya ji maƙogwaronsa na ƙarasa wani ɗan amo ta hanci, irin wanda takan yi idan aiki ya yi mata daɗi. Karen nan, wanda tun ranar jana'iza ya koma kwana a rumfar shanu, ya dawo kicin. Yakan kwanta a ƙarƙashin tebur ta ɓangaren hagu, ya ɗora haɓarsa a kan takalmin Naum.

Gaskiyar magana, tsoron kwana uku kawai ya yi masa. Daga nan sai ya fara ɗokin rana ta raba. Yakan aske gemu da safe, ya share kicin. Da 'yarsa Mirta ta bugo waya shagon gari daga Rosario, ta ce muryarsa ta yi kyau. Ta ce za ta zo idi ita kaɗai, mijinta ba zai samu hutu ba, kuma kada ya yi mamakin girmanta. Bayan shekara tara ana jira, cikinta ya shiga wata na bakwai.

Saura kwana huɗu idi, gwangwani tara sun cika, sun mamaye tebur da kujeru da saman kabad. A ranar ne ya farfaɗo ya ga abu ɗaya tak a gabansa. Fari ne, ƙarami, toho ne da bai buɗe ba, an matse ganyayensa an ɗaure wuyansa da zare. Ya ɗauka aiki ne da ba a ƙarasa ba, ya soka shi a gefen wani gwangwani.

Da yamma Donya Feige ta zo da keken dokin maƙwabcinta don a fara kwashe kaya. Tana cikin yaba aiki tana kushe masu kwasa, idonta ya faɗa kan tohon. Ta fita ta ce wa mai keken ya je ya dawo gobe, ta dawo ta rufe ƙofa, ta janyo kujera nesa da tebur ta zauna.

Abin da ta gaya masa, a hankali ta faɗe shi, tana duban murhu. Ta ce a shekara arba'in da ɗaya, sau huɗu Taibe ta yi irin wannan tohon, kuma ko sau ɗaya ba da niyya ba. Sai dai ta gan shi a gabanta. Ba ta sanin na waye sai ranar jera tebura, hannunta ya kai shi inda zai kai. Na farko a gaban matar mahauci ya sauka, ba ta kai bazara ba. Na biyu a gaban wani dattijo, Don Hirsh, wanda daga baya doki ya kayar. Na uku na mahaifiyar Feige ne, kuma a ranar ne Taibe ta zo mata da kuka ta faɗa mata komai. Ta gwada ƙonawa, ta gwada jefawa a rijiya, washegari sai ta yi wani.

"Na huɗun fa?"

"Kai ma ka gan shi, Naum. Bara. Ka ture shi gefe ka ce yana tare maka burodi."

Ya tuna. Ya tuna har yadda Taibe ta sa yatsa ta mayar da shi gabanta, tana murmushi, tana tambayarsa ko zai ƙara cuku.

Ya ce mata wannan zancen tsofaffin mata ne. A gari irin nasu, inda ƙaramin yaro shi ne mai shekara sittin, ko cokali ka ajiye a gaban mutum ana iya binne shi kafin shekara. Ta ce haka ne, ai ita ma abin da take gaya wa kanta ke nan. Ya tambaye ta me ya sa matarsa ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce, da ta gaya masa me zai yi, ban da ya ce mata zancen tsofaffin mata ne?

Tana fita ya buɗe murhu ya jefa tohon. Ya mayar da almakashi akwati, ya ɗaure da igiyar shanu, ya kai rumfa ya ɗora buhun dusa a kai. Washegari bayan abincin rana bai zauna a gida ba, ya tafi gyaran shinge a can ƙarshen fili, ya yi ta aiki har yamma, kuma yana iya ba da labarin kowace ƙusa da ya buga. Haka ya yi kwana biyu. Hankalinsa ya ɗan kwanta.

Mirta ta iso da bas ɗin safe ranar jajibere, tana tafiya tana riƙe ƙugu. Da ta ga furannin ta fashe da kuka, ta ce ashe Mama ta bar musu na bana tun kafin ta tafi. Naum bai gyara mata ba.

Da la'asar aka taru a zaure. Mata na shimfiɗa fararen mayafai, maza biyu na rataye rassan itace a ƙofa, ƙamshin man shanu da fanke mai cuku na fitowa daga kicin. Naum ya so ya ajiye kaya ya gudu, amma mata suka ce ai gwani shi zai jera, suna yi masa dariya, wata na cewa da ta san yana da irin wannan hannu da ta yi wa Taibe ƙwace tun da daɗewa. Ya jera gwangwanayen da hannun dama, na hagu yana cikin aljihun kwat saboda sanyi. Sai da ya ajiye na tara ya gane cewa yatsun da ke aljihu suna riƙe da wani abu.

Bai fito da shi ba. Ya san laushin takardar, ya ji ƙullin zaren. Ya juya zai nufi ƙofa, hannun ya ja shi baya, ja mai taushi amma marar sassauci, irin na maraƙin da ya hango uwarsa. Ya dafe gwiwar hannun da dama. Ƙafafunsa suka bi.

Kowane iyali na da teburinsa tun zamanin kakanni, kowa da kujerarsa. Na Bublik shi ne na uku daga taga, Mirta na zaune a can tana naɗe ƙyallayen goge baki. Naum ya ga ana tafiya da shi wajenta. A ransa ya kira sunan matarsa, ya roƙe ta da duk abin da ya sani, ya tuna mata daren da aka haifi yarinyar nan. Mirta ta ɗago ta yi masa murmushi. Hannun ya wuce ta bai ko tsaya ba. Ya wuce kujerarsa shi ma. A tebur na gaba ya fito daga aljihu, ya soka tohon a yashin gwangwani, ya karkata shi ya fuskanci kujerar da ke jikin bango, ya ɗan gyara masa zama da yatsa biyu, sannan ya saki, ya koma hannun Naum kamar kullum.

Donya Feige na tsaye a ƙofar kicin da faranti. Kujerarta ce. Ta kalli tohon, ta kalli Naum, ta juya ta ce wa matan su rage wuta kada fanke ya ƙone.

Abin da ya fi damunsa a hanyar gida shi ne, abu na farko da ya ji a ransa daɗi ne.

Washegari bayan addu'ar safe, kafin jama'a su shigo zaure, ya riga kowa. Ya zare tohon ya kai gaban kujerarsa. Aka shigo, aka yi albarka a kan ruwan inabi da burodi, aka fara ci. Donya Feige ta zo wucewa da tulun madara, ta sunkuya kamar za ta zuba masa, da ta ɗago ta tafi da tohon, ta mayar da shi gaban kujerarta. Ya bari sai da ta shiga kicin ya miƙa hannu ta baya ya ɗauko. Ta dawo ta tsaya a kansa.

"Tsohon ɓarawo. Ba naka ba ne," ta ce ƙasa-ƙasa.

"A gidana aka yi shi."

"Gidanka ne, amma ba kai ka yi ba. Ka ɗauka rangwame ake yi a nan, kamar cinikin maraƙi?"

"Feige, ni ba abin da nake jira. Ke kina da jikoki."

"Kai ma naka na hanya. Ba ni."

Bai ba ta ba. Ya ajiye a kan mayafin tebur ya ɗora hannu a kai. Ana haka aka kira shi ya taimaka a ɗaga wani tsoho, Don Marcos, wanda ƙafa ta riƙe masa, a kai shi kusa da murhu. Minti biyu ne ko uku. Da ya dawo, wurin babu komai. Ya dubi teburin Feige, babu. Ya dubi Feige, sai ya ga fuskarta ta yi fari fat tana kallon wani wuri a bayansa.

Mirta ce. Ta soka tohon a gashinta saman kunne, tana hira da wata tsohuwar malamarta, hannu ɗaya a kan cikinta. Da ta ga yana kallonta ta taɓa furen ta ce wannan ne ya fi mata kyau duka, za ta tafi da shi Rosario ta ajiye wa jariri, abin ƙarshe da kakarsa ta yi.

Naum bai taɓa ɗaga wa 'yarsa hannu ba tun tana ƙarama. Ya taka biyu ya fizge tohon, har da 'yan silin gashi. Ta yi ƙara. Cokula suka tsaya a duk zauren.

"Baba, me na yi?"

Yana tsaye da abin a hannunsa na dama, mutum arba'in na kallonsa. Ya duba gaban kujerarsa, inda ya ajiye shi sau biyu bai zauna ba. Ya gane idan ya sake barinsa yana yawo, bai san inda zai faɗa ba. Ya zagaya tebur, ya je gaban kujerar da ke jikin bango, ya soka shi a yashi da hannunsa, da saninsa, ya karkata shi yadda yake jiya.

Donya Feige ta zo ta zauna a kujerarta, ta gyara mayafin kafaɗa. "Yauwa. Yau ka yi hankali," ta ce. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa jama'a furenta ne tun farko, tsohon nan kishi ne ke cinsa, kowa ya ci abincinsa kafin ya huce. Aka yi 'yar dariya, aka koma ci. Ita ma ta ci, har ta ƙara.

Mirta ta koma Rosario bayan idi tana fushi. Bai iya yi mata bayani ba, ya ce mata dai tsufa ne. A watan Yuli ta haifi 'ya mace lafiya lau, fushin ya bi ruwa.

Donya Feige ta kwanta a watan Satumba, lokacin da itatuwan lemo suka fara fure. Likitan garin Villaguay ya ce abin ya daɗe a jikinta, kuma ta sani tun kafin sanyi. Da Naum ya ji haka ya riƙe maganar da hannu biyu, ya ce ashe ba tohon ba ne, sai kuma ya tambayi kansa to ina hannunsa ya samu labari.

Yakan je kullum bayan tatsar safe ya zauna a gefen gadonta. Ta rame har ta koma kamar yarinya, amma bakin na nan. Ta ce masa rigarsa na warin shanu, ta ce a duk mazan garin an rasa wanda zai zo mata jinya sai wanda ya fi kowa rashin hira. Wata safiya, jikarta ta fita ɗebo ruwa, ta kira shi ya matso.

"Ina da hanya. Akwai saƙo?"

Ya yi kamar bai gane ba. Ta ce kada ya ɓata mata lokaci, ba ta da shi da yawa. Ya zauna yana duban tafin hannunsa. Abubuwa da yawa suka zo masa, sunan jaririyar, da rufin rumfa da ya gyara a ƙarshe, da burodin nan na bara. Amma kuma ya hango wata shekarar, da wadda ke bayanta, shi a tsakiyar zaure ana jansa tsakanin tebura.

"Ki ce wa Taibe ta sakar mini hannu."

Feige ta ce, "Ka tabbata? Idan na faɗa, ba a dawo da maganar."

Ya ce ya tabbata.

Ta rasu ranar Talata da hantsi, aka binne ta washegari, layin kabari biyu tsakaninta da Taibe. Da aka miƙa wa Naum shebur ya zuba ƙasa, yana cikin zubawa ya ji wani abu ya zare daga hannunsa na hagu, daga kafaɗa zuwa yatsu, kamar an cire masa safa mai ɗumi. Hannun ya yi sanyi. Ya soke shebur a ƙasa don na bayansa, ya koma gefe ya tsaya.

Ya isa gida rana tsaka. Ya zauna a kicin bai cire hula ba, ya jira, bai san me yake jira ba. Ba abin da ya zo. Tun rasuwar Taibe gidan bai taɓa zama kango irin na ranar ba, kuma shi da bakinsa ya nema. Ya yi kuka a ranar, kukan da bai yi ba a jana'izar matarsa.

Kafin sanyi ya sake zagayowa, ya sayar da shanun, ya ba maƙwabci ajiyar makulli, ya koma Rosario wajen Mirta, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon titin jirgin ƙasa. A can ya yi sauran shekarunsa shida. Mutanen unguwar sun san shi a matsayin tsoho mai shiru, wanda ke tura keken jikarsa zuwa bakin kogi kowace safiya, ya zauna a benci har ta farka.